Amsa ga wanda ya ga ana dukan mutum ya wuce

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce ka ga mutum uku sun tare wani saurayi da dare suna jibgarsa, ɗayansu ya zaro wuƙa, kai kuma ka ja da baya ka tafi gida, yau kwana huɗu ke nan barci ya ƙaurace maka. Kana so ka san ko doka za ta kama ka, kuma ko akwai alhakin yaron a wuyanka. Na taɓa tsayawa inda ka tsaya, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Shekarun baya ina jiran mota da yamma, mu da yawa, sai wani ƙato ya fizgo wata mata ya kayar da ita, ya shiga dukanta da guntun ƙarfe. Wallahi ƙafafuna sai suka ƙi motsi. Ina kallon na kusa da ni, shi ma ni yake kallo, kowa na jiran wani ya fara. Wata dattijuwa ce ta warware mu. Ko kusa da mai ƙarfen ba ta je ba, ihu ta kurma, sannan ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai mai farar riga, kira 'yan sanda!" Ta nuna wasu samari biyu ta ce su tare hanya. Da mutumin ya ga taron ya farka, sai ya jefar da ƙarfen ya ranta a na kare. Har yau nakan ji kunya idan na tuna sai da aka nuna ni kafin na taɓuka.

Ta fuskar doka, ƙasashen duniya sun rabu gida biyu. A Ingila da mafi yawan jihohin Amurka, da ƙasashe da dama da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ba laifi ba ne ka ga baƙo cikin haɗari ka wuce, muddin ba kai ka jefa shi ciki ba, kuma kula da shi ba ya wuyanka kamar yadda ɗa yake wuyan mahaifinsa. Abin ya taɓa girgiza Amurkawa a 1997, lokacin da wani saurayi ya kashe yarinya 'yar shekara 7, Sherrice Iverson, a banɗakin wani gidan caca a jihar Nebada. Abokinsa David Cash ya ga farkon abin, ya fita, bai kai rahoto ba, kuma ba a gurfanar da shi ba, don babu dokar da ya karya. Daga baya ne Nebada da Kalifoniya suka kafa dokar tilasta kai rahoto idan ƙaramin yaro ake cutarwa. Jihar Bamont tana da dokar taimakon wanda ke cikin haɗari, amma tarar ba ta wuce dala 100 ba, ka ga kuwa jan kunne ne kawai.

Gida na biyu su ne irin su Faransa da Jamus. Sashe na 223-6 na dokar laifukan Faransa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar yuro 75,000 ga wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari. A Jamus ɗaurin kan kai shekara 1. Amma ka lura da sharaɗin da ke ciki, domin nan ne amsarka take: dokar Faransa ta ce idan taimakon ba zai jefa kai ko wani cikin haɗari ba, kuma ta lissafa kiran agaji a matsayin taimako. Ke nan ko a inda doka ta fi tsanani, babu alƙalin da zai ce don me ba ka tari wuƙa da hannu ba. Abin da zai tambaye ka shi ne, waya tana aljihunka, me ya hana ka kira?

Inda mutane ke faɗawa rami ba su sani ba shi ne zuga. Tsayawa kallo kaɗai ba ya mayar da mutum abokin laifi, kotunan Ingila sun daɗe a kan haka. Amma da zarar ka ce "ƙara masa", ko ka tare wa wanda ake duka hanyar gudu, ko ka miƙa sanda, ka tashi daga ɗan kallo ka koma mai hannu a ciki. Yawancin masu taruwa kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo ba su san da wannan ba.

Sai batun alhaki, wanda na ga shi ya fi damunka. Tsoro ba zunubi ba ne, kuma sandarewar da ka yi ba ta nuna kai mugu ne. Bayan kisan Kitty Genovese a birnin New York a 1964, jaridar New York Times ta ce mutum 38 sun gani sun yi shiru. Daga baya ya bayyana an zuzuta labarin, amma shi ya sa masana halayyar ɗan Adam John Darley da Bibb Latané suka yi gwajinsu na 1968, inda suka nuna cewa idan mutum ya ɗauka akwai wasu a wurin, yakan yi jinkirin taimako, kowa ya bar wa ɗan'uwansa nauyin. Abin da ya same ni ke nan a wurin jiran mota, kuma maganin da dattijuwar nan ta yi amfani da shi, wato ware mutum ɗaya a ba shi aiki ɗaya, shi ne dai abin da masu koyar da taimakon gaggawa ke koyarwa. Kada kuma ka ɗauka duniya ta gama lalacewa: wani bincike na 2019 ya duba faifan kyamarorin titi 219 na faɗace-faɗace a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, aka tarar a tara cikin goma akwai wanda ya shiga tsakani.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya jera matakai uku na kawar da mummunan aiki: da hannu, in ba a iya ba da harshe, in ba a iya ba da zuciya. Mu kuwa mun ƙware wajen tsallakawa daga hannu zuwa zuciya, mu manta da harshe a tsakiya. Wuƙa ta ɗauke maka nauyin hannu, wannan babu ja. Harshe fa? Ihu daga nesa, buga ƙofar mutane, kiran waya bayan ka sha kwana, komawa ka duba ko yaron yana numfashi bayan sun watse, duk waɗannan ba shiga sharo ba shanu ba ne. A nan nake ganin ka gaza, kuma ina jin zuciyarka ta riga ni gaya maka.

Masu ɗaukar bidiyo kuma, ni ban yi musu kuɗin goro ba. Darnella Frazier tana da shekara 17 ta ɗauki kisan George Floyd a Minneapolis a 2020, faifanta ya zama babbar hujja a shari'ar da ta kai ɗan sandan da ya kashe shi kurkuku. Abin da nake ƙi shi ne wanda zai ɗauka don a yaba masa a intanet, mutum na zubar da jini a gabansa bai kira kowa ba.

Abin da ya rage maka yanzu shi ne shaida, kuma a ganina ita ta fi raba faɗa wuya. Raba faɗa minti biyu ne, jini na tafasa. Shaida kuwa watanni ce. A cikin duk taron nan namu, mu biyu kacal muka yarda aka rubuta sunayenmu, ni da dattijuwar. Sau uku ina barin aikina in je kotu a ɗage zaman, kuma duk zuwa sai na haɗa ido da dangin mutumin a baranda. Na so in janye. Abin da ya riƙe ni shi ne ayar nan ta kusa da ƙarshen Suratul Baƙara da ta hana ɓoye shaida, da kuma ganin matar tana zuwa da tabo a goshi.

Saboda haka ka je ka ba da bayani. Idan kana tsoron waɗancan mutanen sun san ka, ka fara ganin lauya, ko ka tafi da wani babba da ka amince da shi, ka kuma faɗi tsoron naka a fili tun farko don a san yadda za a rufa maka asiri. Kafin ka je, yau da daren nan ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna: ƙarfe nawa ne, su nawa ne, launin tufafinsu, wane ne ya zaro wuƙar, ta ina suka bi. Abin da ba ka gani da idonka ba kada ka cike shi da zato. Ni tambayar farko da lauyan wanda ake ƙara ya yi mini ita ce da wane hannu mutumin ya riƙe ƙarfen, kuma a lokacin an yi wata bakwai da faruwar abin. Ba don na rubuta a daren ba, da nan ya kayar da ni.