Wane pikof ya dace da irin kiɗan da kake yi?

Ɗan'uwa ka ce kana kiɗan rege da bulus, wani lokacin kuma rok, kana tambaya wane pikof za ka sa wa jitarka. To kaga pikof ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya.

Mai naɗi ɗaya, irin guda uku da ke kan jitar Fender Stratocaster, muryarsa siririya ce tas, kana taɓa tsirkiya za ka ji ta fito tangaran, shi ya sa nake sonsa a rege da fonk da bulus, matsalarsa kawai gurnanin lantarki da yake jawowa, in ka ƙara disto, wato abin da ke sa sautin jita ya yi kaushi, sai ka ji zuuuu ko ba ka kaɗa komai ba. Wani irin pikof kuma shi ne hambaka, naɗi biyu ne masu saɓa wa juna, su ke kashe wannan gurnanin, kamfanin Gibson ya fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Muryarsa kauri gare ta, rok da jaz nan ne gidansa. Masu kiɗan metal kuma pikof ɗin EMG 81 suke bi, mai batir ɗin bolt 9.

Ni a ganina ka sa hambaka a wajen gada, wato inda tsirkiyoyi suka kama jikin jita, masu naɗi ɗaya biyu a tsakiya da wajen wuyan jita. Amma kafin ka cire ko sisi, ɗauki sukundireba ka ɗan ɗaga pikof ɗin da kake da shi ko ka sauke, wallahi sautin na canjawa sosai, kar dai ya matso tsirkiya da yawa don maganaɗisun zai riƙa janta.