Tambayi likita: tsargiya, kuturta da ciwon noma

Tambaya: Likita yarona ɗan shekara 9 in ya yi fitsari sai jini ya biyo baya, kakarsa ta ce wai girma ne ya zo masa.

Amsa: Hajiya ba girma ba ne, alamar tsargiya ce. Tsutsar da ke kawo ta daga jikin katantanwa take fitowa a kududdufi ko dam, ta huda fatar yaro yana wanka. A kai fitsarin a gwada. Maganinta Praziquantel, gwargwadon nauyinsa ko tsayinsa ake bayarwa, ya ci abinci kafin ya sha. In ya koma ruwan kuma za ta dawo.

Tambaya: Ni nas ce a asibitin ƙauye, akwai wani dattijo mai farin tabo a baya, ko an taɓa wurin ba ya ji, 'ya'yansa har sun ware masa kwano da buta. Ya zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari Sista. Tabon da ba a jin taɓawa kuturta muke fara zargi, ki haɗa shi da jami'in tarin tibi da kuturta na ƙaramar hukumarku. Maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, duk wanda ya ce a kawo kuɗin magani ki tsaya masa, don dattijon nan kunya ba za ta bar shi ya yi musu ba. Ni a ganina aikin da ya fi wuya yana wajen 'ya'yan, ki zaunar da su ki faɗa musu ba gado ba ce ba kuma baki aka yi masa ba, ƙwayar cuta ce, da ya fara shan magani ya daina yaɗa ta, su ma a duba fatarsu. Ki koya masa duba tafin ƙafa kullum da yamma, ya jiƙa a ruwa ya shafa mai, saboda ƙaya za ta shige shi bai sani ba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 3 ta tashi daga ƙyanda, dasashinta na jini, baki na wari, kumatu ya kumbura.

Amsa: Malam yau ɗin nan a kai ta asibiti, kar a tsaya shafe-shafe. Ina tsoron cutar noma ce, wadda wasu ke kira ciwon iska, cikin 'yan kwanaki take cinye kumatu, amma da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin noma na yara tun 1999, har gyaran fuska suna yi kyauta.