Ku Tambaya Mu Amsa: Tseren Mota a Kan Burji Cikin DiRT Rally 2.0

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga Sakkwato suka zo, kuma a kan wasa ɗaya suka taru: DiRT Rally 2.0, wanda kamfanin Codemasters na Ingila ya fitar a watan Fabrairun 2019 don PS4 da Xbox One da kwamfuta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk kwanar da na shiga sai motar ta wuce kai tsaye cikin daji, ko kuma ta juya ta kalli inda ta fito. A sauran wasannin tsere ba na samun haka. Laifin fad ne? Bashar, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Bashar. Fad ɗinka, wato abin hannun da kake buga wasan da shi, lafiya lau yake, birkinka ne yake zuwa a makare. A kan kwalta taya tana kama ƙasa, amma a burji tana tafiya ne bisa tsakuwa mai motsi, don haka tazarar tsayawa ta fi tsawo. Ka taka birki tun motar tana miƙe, kafin bakin kwanar. Yin haka yana tura nauyinta kan tayoyin gaba, su kama ƙasa, sannan sitiyari ya ji magana. In ka haɗa cikakken birki da cikakken sitiyari lokaci guda, tayar gaba ba za ta iya ɗaukar aiki biyun ba, sai ta zame. Matsalarka ta farko ke nan.

Juyawar kuwa daga totur take. L2 da R2, maɓallan birki da totur a jikin fad, ba makunnin fitila ba ne, suna jin nauyin yatsa. Ka saki birki a hankali yayin da hancin motar ke shiga kwana, ka ba da rabin totur, ba za ka danne shi duka ba sai ka ga hanya ta miƙe. In bayanta ya fara zamewa hagu, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo da shi tsakiya da wuri. Masu jinkirin dawo da shi su ne motar ke fizgewa ta ɗaya ɓangaren.

Sai batun motar da ka zaɓa, wanda ba ka faɗa ba, amma muna zargin Audi Sport quattro S1 ce ko Peugeot 205 T16. Motocin rukunin B ke nan, waɗanda aka haramta a gasar duniya bayan kakar 1986 saboda munanan haɗurra. Ba da su ake koyo ba. Ka ɗauki mai jan gaba, Lancia Fulvia ko Ford Fiesta R2, ka tafi hanyoyin New Zealand da suke da laushi. Mai jan gaba in ta ƙi shan kwana, ɗaga ƙafa daga totur kawai yana dawo da hancinta. Bayan nan ka koma fowil irin Skoda Fabia R5. Masu jan baya su ne na ƙarshe. Birkin hannu kuma ka bar shi sai kwanar da ta naɗe kamar ƙugiya.

Tambaya: Mutumin da ke zaune gefen direba yana ta kiran lambobi, ni dai surutu nake ji. Za a iya kashe shi? Nana, Arkilla.

Amsa: Malama Nana, in kika kashe shi kin rufe idonki ne. Aikinsa kamar na tsohon yaron mota ne da ya haddace hanyar Illela, yana faɗa wa direba abin da ke gaba tun bai hango ba. Muryar ta Phil Mills ce, wanda ya ci gasar duniya tare da Petter Solberg a 2003. Yana kiran hagu ko dama, sai lamba daga 1 zuwa 6. Shida kwana ce buɗaɗɗiya da ake wucewa kusan a guje, ɗaya kuma matsattsiya ce mai son giya ta ƙasa. Manyan lambobi irin 60 ko 150 mitocin da ke tsakaninki da abu na gaba ne. In ya ce kada a yanke kwana, dutse ko rami ne ke cikinta, ki yarda da shi. Wasan ba shi da maɓallin mayar da lokaci baya, kuskure ɗaya ya zauna. Akwai saitin da ke sa ya yi kiran da wuri, ki matsar da shi gaba kaɗan har kunnenki ya saba.

Tambaya: Wace taya zan sa, kuma me zan fara gyarawa in mota ta daku? Murtala, Runjin Sambo.

Amsa: Taya uku ce a burji: mai laushi, matsakaiciya da mai tauri. Mai laushi ta fi kama ƙasa amma ta fi saurin cinyewa, don haka ka duba zango nawa ne kafin wurin gyara na gaba. Gajerun zango biyu, sa mai laushi. In suna da tsawo, matsakaiciya ta fi. Ka lura kuma hanyar tana lalacewa da wucewar motoci, wanda ya tashi a baya yana tarar da kwari da gurbin taya.

Lokacin kanikawa ƙayyadadde ne, in ka zarce a ƙara maka a lokacin tsere. Fara da lagireto, domin in yana yoyo injin zai yi zafi ƙarfinsa ya ragu. Sai saitin ƙafafu in motar tana ja gefe, sai shokozoba. In zango na gaba na dare ne, fitila ta riga komai. Lotsewar bodi ta jira. A duwatsun Ajantina ka ɗaga motar sama kaɗan, ka sassauta sifirin, kuma kada ka tashi babu safaya.

Tambaya: Sai da data ake bugawa? Sani, Kwannawa.

Amsa: Ɓangaren My Team, inda kake tara kuɗi ka sayi motoci, ba ya buɗewa sai da intanet. Gwajin lokaci da gasar da ka haɗa da kanka suna tafiya babu data. Saukewar farko ce mai cin rai, gigabait ne masu yawa, gara ka nemi faifai.

Tambaya: Ina da gidan gem mai PS4 huɗu. Da bazara ta kama fankokinsu ke ihu, wani lokaci su mutu ana tsakiyar tsere. Sitiyarin fad biyu kuma yana ja da kansa. Alhaji Umaru, Gawon Nama.

Amsa: Ranka ya daɗe, ƙurar hunturu ce ta zauna a ciki, bazara ta zo ta tona. Sony ta tsara na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 5 da 35, zafin Sakkwato kuwa a Afrilu yana haura 40. A fito da su daga cikin kabad, a bar aƙalla santimita 10 tsakaninsu da bango, kada a ɗora wata kan wata. A PS4 samfurin Slim da Pro murfin sama yana ɓallewa babu kwance noti. A cire wuta, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a share ta da burushi mai laushi. In ihun bai ragu ba, ƙurar ta toshe ƙarfen da ke shanye zafi, ko man da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar ya bushe, wannan sai mai gyara.

In ɗaukewar wuta ta sa wasa ya fara sarƙewa, a kashe na'urar, a danne maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, kimanin daƙiƙa 7, a jona fad da na'urar ta wayar caji, a zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Ba ya goge wasanni.

Fad ɗin kuma ƙura ce ta shiga ƙarƙashin sandar hagu. A saitin wasan a ƙara tazarar da sitiyari ba ya jin motsi zuwa kashi 5, in bai isa ba zuwa 10. Wanda ya nemi fiye da haka a kai shi a canza masa sanda, domin da shi yaro ba zai iya riƙe mota a miƙe ba a dogayen hanyoyin Poland.