Hukuncin karanta tarihin 'yan Bolshebik da amsa sunan ɗan gurguzu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin tarihi ne, a wannan zangon ana koya mana juyin juya halin Rasha na 1917. Yadda jam'iyyar Bolshebik ta tsaya wa talakawa ya burge ni, har abokai suna kirana ɗan gurguzu, ni kuma ban hana su ba. Wani ya ce na yi ridda. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, karatun kansa babu laifi a cikinsa. Huzaifa ɗan Yaman, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce mutane suna tambayar Annabi (SAW) game da alheri, shi kuwa sharri yake tambaya don tsoron kada ya riske shi. Ka ci gaba da karatunka.

Abin da ya burge ka ma na gane shi. An kafa uwar jam'iyyar a Minsk a 1898, ta rabu biyu a 1903, ɓangaren Lenin ya zama Bolshebik. Ta sami manomi a matse, ma'aikacin masana'anta cikin yunwa, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cin samari. Sarki Nikolas na biyu ya yi murabus a Maris 1917, kafin shekarar ta ƙare 'yan Bolshebik suka ƙwace mulki a Petrograd, babban birnin Rasha a lokacin, da alkawarin zaman lafiya da gona da abinci. Kukan da suka yi kan zalunci kukan gaskiya ne, kuma Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Musulunci ya riga su: ya wajabta zakka, ya haramta riba, ya umarci a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, ya kuma faɗa a Suratul Hashri cewa kada dukiya ta zama abin kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Matsalar tana cikin aƙida. Tushen tafarkinsu shi ne babu Mahalicci, babu wahayi, babu tashin ƙiyama, rikicin masu dukiya da marasa ita ne kawai ke tafiyar da tarihi. Karl Marx ya kamanta addini da abin maye, Lenin kuma ya ɗora a kai. Duk wanda ya ƙudurce wannan a zuciyarsa ya fita daga Musulunci, babu saɓani tsakanin malamai. Sannan sun soke mallakar mutum a kan gona da masana'anta, suka halatta ƙwace da ƙarfi, alhali Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna sai ta ciniki bisa yarda, kuma a Hajjin Bankwana Annabi (SAW) ya haramta jini da dukiya. An ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, amma wannan bai sa gonar da mutum ya gada ta zama ta gwamnati ba.

Akwai wani sashe na tarihin da nake so ka nemo da kanka, domin shi ne ya fi taɓa ni. A ƙarshen 1917 Lenin da Stalin sun sa hannu a wata sanarwa zuwa ga Musulmin Rasha da na Gabas, suna alkawarin ba za a taɓa addininsu da al'adunsu ba. Har suka mayar musu da tsohon Mus'hafin da ake jingina wa Sayyidina Usman, wanda gwamnatin sarki ta ɗauke daga Samarƙand. Musulmi da yawa suka amince. A Fabrairu 1918 aka murƙushe gwamnatin da Musulmi suka kafa a Kokand, dubban rayuka suka salwanta. A 1920 aka yi wa Bukhara ruwan wuta, garin Imamu Bukhari. Da ƙafarsu ta kafu, sai aka kafa ƙungiyar yaƙi da addini a 1925, aka fara kamfen ɗin cire wa mata lulluɓi a 1927, aka rufe kotunan shari'a, aka ƙwace waƙafi, aka sauya haruffan Larabci da na boko, aka kulle dubban masallatai. Mirsaid Sultan-Galiyev, ɗan ƙabilar Tatar da ya zama jigo a jam'iyyar yana ganin za ta 'yantar da mutanensa, an kama shi a 1923, aka harbe shi a 1940. Wanda ya karanta alkawarin bai karanta abin da ya biyo baya ba, rabin darasi ya ɗauka.

Game da kai kuwa, muddin ka yi imani da Allah da Manzonsa da ranar Lahira, abin da kake nufi kawai tausayin talaka, to kai Musulmi ne. Wanda ya jefe ka da ridda ya yi gaggawa a wuri mai haɗari, domin hadisi ya tabbata cewa kalmar kafirci idan ba ta dace da wanda aka jefa ba, tana komawa kan mai faɗinta. Ya tuba, ya nemi afuwarka.

Sai dai sunan ban so maka shi ba. Yana ɗauke da abin da ba ka yarda da shi ba, kuma yana ruɗa mai saurare. Ka ce wa abokanka su daina. Tsaya wa talaka bai buƙatar wannan rigar: jam'iyyar NEPU ta tashi a Kano a 1950 tana yaƙi da zalunci, Malam Aminu Kano kuma malami ne da ya yi tafsirin Alƙur'ani. Idan aikin adalci takamaimai ya haɗa ka da mai wannan ra'ayi, kamar neman a biya ma'aikata haƙƙinsu, ya halatta, hujja kuwa ita ce yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Hilful Fudul, ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin Musulunci don taimakon wanda aka zalunta. Sharaɗin shi ne kada a zubar da jini, kada a taɓa dukiyar kowa, kada kuma a nemi ka yi shiru a kan addininka.

Wallahu a'alam.