Ku Tambayi Gwaggo: "Ɗana ya kusa shekara biyu, har yau sai nuni da hannu"

Assalamu alaikum iyaye mata da iyaye maza masu bibiyar wannan fili. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙananan yara ne, masu koyon tafiya da masu gwaranci, sai na zaɓo guda huɗu. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki, dan Allah ki taimaka min da shawara wallahi abin nan ya hana ni barci. Ɗana ne na fari watansa 23 yanzu amma har yau in banda "mama" da "uwa", wai ruwa yake nufi, babu abin da yake faɗa, in yana son abu sai dai ya kamo zanina ya ja ni har wurin ya nuna min, ga 'yar facalata da ya girme ta da wata uku sai surutu take har sunan kowa na gidan ta sani. A gidan surukai muke zaune ni kuma kin san ɗan fari, kunya nake ji a gan ni ina masa hira a tsakar gida, sai dai in kunna masa katun a waya ya yi shiru in samu in yi aiki. Yanzu Hajiya ta ce linzami ne, ran Asabar za a kira wanzami ya yanke. Ya zan yi?
Daga wata uwa a Gusau

AMSA: 'Yata, bari in fara da maganar Asabar tunda ita ce a gabanmu. Kar a yanka yaron nan. Linzami abu ne da ake samu a wasu jarirai, amma inda ya fi nuna kansa wajen kama nono ne, kuma ko yaro yana da shi ba ya hana shi tara kalmomi, iyaka dai ya ɗan taɓa yadda yake furta wasu haruffa. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, in aska ta kauce jinin ba ya tsayawa da sauƙi, ga cutar da askar ke iya sa masa. Kar ki yi musu da Hajiya ke da kanki, so ne ya sa take neman mafita. Ki samu maigidan da daddare ki yi masa bayani, shi ya je ya ce mata a bari likita ya duba bakin tukuna, in ma linzamin ne ai a asibiti ana yi.

Sannan ba zan ce miki ba komai ba, don ba gaskiya ba ne. Yawancin yara in sun kai shekara 2 suna da kalmomi kamar 50, har sun fara haɗa biyu, "Abba tafi", "ba ni nono". Kalma biyu a wata 23 ya yi kaɗan, ya kamata a duba shi. Abin da ya faranta min rai a saƙonki shi ne yana jan ki yana nuna miki abu, wannan yaro ne mai son ya isar da saƙo, kuma da yawan irinsu in bakin ya buɗe sai kin gaji da amsa tambaya.

Abu na farko da za a duba kunne ne. Ina nanata wannan saboda abin da na gani da idona. Shekarar 1996 da aka yi babbar annobar sanƙarau a Arewa, akwai 'yar maƙwabciyata da ta kamu tana goye, Allah ya tashi kafaɗunta, kowa ya yi murna. Yarinya ta taso da wayo, in uwarta ta ce ɗauko tsintsiya sai ta ɗauko, ashe hannun uwar take kallo, ba muryar take ji ba. Aka yi ta cewa nauyin baki ne irin na dangin ubanta, sai da ta kusa shekara huɗu wata rana tana zaune tana wasa da murfin kwano faranti ya faɗi a bayanta da ƙara, kowa ya zabura ita ko waiwaye ba ta yi ba. Ranar uwarta ta yi kukan da ban manta ba. Da an gane da wuri da an fara taimaka mata tun a shekarun da harshe ke kamawa. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a satin haihuwa, da kunnen da ke yawan zubar da ruwa, duk suna iya taɓa jin yaro. Kar ki tsaya kan gwajin tafi a gida, yara suna lura da motsi da inuwa su juyo. Ki kai shi wurin likitan yara a babban asibitin tarayya da ke nan Gusau ki ce kina son a gwada jinsa, in babu na'urar za su tura ku inda take, a Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da aikinta ke nan. Ki gaya wa likitan ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana kallon idonki, ko akwai kalmar da ya taɓa iyawa ya daina.

Toh sai maganar kunya. Ni ma na yi alkunyar ɗan fari, har yau ban kama sunansa, kuma ban ce ki zubar da tarbiyyarki ba. Amma ki lura, a da in uwa ta kawar da kai akwai masu karɓa, kaka tana nan, gwaggo tana nan, yayye suna ɗauke da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan ana ta yi masa surutu. Yanzu ke kin kawar da kai, waya ce ta karɓe shi, ita kuwa waya ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta ganin abin da yake nunawa balle ta faɗa masa sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a ɗora yaron da bai kai shekara 2 ba a kan kallon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Zai yi kuka kwana biyu uku in kin janye, ki daure.

A ɗaki ai ba mai ganinki. In kina masa wanka ki riƙa faɗa, ga hannu, ga ƙafa, ruwa da sanyi, ina sabulu? In ya ja ki wurin randa kar ki yi saurin miƙa masa, ki durƙusa daidai fuskarsa ki ce "ruwa? ruwa kake so?" ki ɗan yi shiru ki ba shi dama, ko "uwa" ya ce ki amsa da fara'a "eh, ruwa, ga ruwa". Kar a tsare shi da ka ce kaza ka ce kaza, kar kuma a yi masa gori da 'yar facalarki yana ji. Ita kuma Hajiya ki ba ta aikin da ya fi na wanzami, ki riƙa kai mata mijin nata da hantsi su zauna kan tabarma tana tsinkar zogale tana masa hira da tatsuniya, na san ba za ta ƙi ba.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni. 'Yata watanta 14 ba ta tafiya, rarrafe ma ba ta yi ba sai jan gindi, amma tana kama kujera ta miƙe har ta bi bango. Babanta ya ce zai sayo mata woka irin mai tayoyi da ake zaunar da yaro ciki. Kuma in ta tsaya sai in ga kamar ƙafafun sun ɗan lanƙwashe kamar baka, mutane suna cewa wai yawan goyo ne.
Daga wata uwa a Maraɗi

AMSA: Ki kwantar da hankalinki 'yata, yarinyar da ke bin bango tana bakin hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara sama da 800 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006, aka ga wani yana sakin hannu ya taka tun yana wata 8, wani sai ya kusa wata 18, kuma duk lafiyarsu ƙalau. A cikinsu ma an samu kamar 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam. Masu jan gindi dama sun fi jinkirin tashi, tunda suna isa inda suke so hannunsu riƙe da abin wasa. In ta cika wata 18 ba ta taka ba, nan ne za ki kai ta a duba.

Woka kuwa ki roƙi babanta ya bar kuɗinsa. Ba ta koya wa yaro tafiya, zaune yake a ciki yana tura ƙasa da yatsun ƙafa, sai dai ta ba shi gudun da zai isa murhu ko bakin matakala kafin ki ajiye ludayi. Ƙasar Kanada tun 2004 ta hana sayar da ita saboda yawan raunin da yara ke ji. Keken katakon nan namu mai ƙafa uku da kafinta ke yi ya fi min ita nesa ba kusa ba, don yaro a tsaye yake da ƙafarsa yana turawa, sai dai a tsaya kusa da shi kuma a kan tayil yana zamewa. Ki sauke ta daga baya in kin samu sarari, ki bar ta ƙafa ba takalmi a tsakar gida in an share, ki tsuguna ɗan nesa kaɗan ki miƙa hannu kina mata tata.

Goyo ba ya lanƙwasa ƙafa, dukkanmu a baya muka girma. Yawancin yara masu koyon tafiya ƙafarsu da ɗan baka, tana miƙewa da kanta wajen shekara 2. Wanda ake jin tsoro shi ne in lanƙwasar tana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko wuyan hannunta ya yi kauri. Binciken da likitoci suka yi a Jos ya nuna ciwon laushin ƙashi a yaranmu ya fi zuwa daga ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, wato yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo zalla. A riƙa haɗa mata da madara ko kindirmo mai tsafta, da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, ta kuma sha hantsi. Amma duk ranar da kika ga ƙafa ko hannun yaro ya saki farat ɗaya, ranar za a tafi asibiti, ba a kwana da wannan.

TAMBAYA: Gwaggo, mu a gida Hausa muke yi, yaran unguwa Twi, makarantar rainon da muke kai shi kuma Turanci. Yaron shekararsa biyu da rabi yana cakuɗa su duka a magana ɗaya, wani abokina ya ce mu daina masa Hausa kar ya rikice.
Daga wani uba a zangon Kumasi

AMSA: Ɗana, kar ku daina. Yare biyu ko uku ba ya jinkirta bakin yaro, cakuɗawar ma alama ce yana kwashe duka, da kansa zai ware su in ya ƙara girma. In za ka ƙirga kalmominsa ka haɗa na duka yarukan. Twi da Turanci zai same su a waje ko kun so ko ba ku so ba, Hausar ce in bai ji a bakinku ba babu inda zai ji ta da kyau, gobe ya kasa gaisawa da kakanninsa.

TAMBAYA: Gwaggo tunda yarinyata ta fara tafiya ba mu huta ba, komai ta gani sai baki. Shekaranjiya uwarta ta same ta da robar lemo a hannu ashe kananzir ne a ciki, Allah ya sa ba ta kai ga sha ba, maƙwabta suna ta cewa da ta sha sai a ɗura mata manja ta yi amai. Haka ne?
Daga wani uba a Zariya

AMSA: Alhamdulillahi da Allah ya tsare, amma a'a Malam, ba haka ba ne, kuma dan Allah ka gaya wa maƙwabtan. Haɗarin kananzir a huhu yake, in aka sa yaro amai ko aka danne shi ana masa ɗura, nan ne yake kwarara cikin huhu ya jawo ciwon da ya fi shan nasa muni. Ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro. A cire mata kayan da ya jiƙa, a wanke jikin, a tafi asibiti ko da tana wasanta, don wahalar numfashin tana iya zuwa bayan awanni. In fiya-fiya ce ko maganin ɓera ko ƙwayoyin wani babba a gidan, a tafi da kwalbar likita ya gani.

Ita ba ɓarna take ba, robar lemo ta sani, lemo take nema. Yau in ka koma gida ka durƙusa a gwiwa daidai tsayinta ka zaga tsakar gidan da ɗakin girki, duk abin da hannunka ya kai nata ma zai kai. Kananzir ya bar robar lemo ya koma sama inda ake kullewa. Bokitin da aka tara ruwa a rufe shi ko a juye, yaro a wannan shekarun kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa kuma ba a jin ko motsinsa. Rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo. In tsautsayi ya sa ta ƙone da ruwan zafi ko tukunya, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har minti 20 sannan a wuce asibiti, kar a shafa makilin ko ƙwai.

'Yata ta Gusau, ina jiran saƙonki in kun dawo daga gwajin kunnen, ki rubuto min abin da likita ya ce da kuma yadda aka ƙare da Hajiya.