Amsa kan tarihin zaɓen kansiloli a mazaɓar Aston

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa sakamakon zaɓen mazaɓar Aston ta birnin Birmingham a Ingila ya sauya fasali daga 2018. Dalilin shi ne an sake shata iyakokin mazaɓun birnin a shekarar. Kafin nan mazaɓu 40 ne, kowace da kansiloli uku, kuma kujera ɗaya ake takara a kanta kowace shekara har shekara uku, ta huɗu a huta. Yanzu mazaɓu 69 ne da kansiloli 101, ana zaɓensu gaba ɗaya duk bayan shekara huɗu. Saboda haka kuskure ne, a ganina, ka jera ƙuri'un 2016 kusa da na 2022 kana neman wanda farin jininsa ya ƙaru, domin sunan mazaɓar ne bai canza ba, amma titunan da masu zaɓen ba duka ba ne na da. Ka kuma lura da 2004, domin a 2005 kotun zaɓe ta soke sakamakon zaɓen 2004 na mazaɓun Aston da Bordesley Green saboda maguɗin ƙuri'un da aka aika ta gidan waya.