Agogona ya ce na ƙone kalori 500, me ya hana nauyina sauka?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya, da kuma manhajojin waya da ake rubuta abincin da aka ci a cikinsu. Na zaɓi guda huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, wata uku ke nan ina ɗaure da agogon, kuma duk abin da na ci ina rubutawa a manhaja. Shekaruna 35, nauyina kilo 80, tsayina santimita 165. Kullum agogon yana nuna na ƙone kalori 500 a tafiyar awa ɗaya da nake yi da safe, manhajar ta ƙara mini su a kan kason abincina na ranar, ni kuma in cinye. Ma'auni bai motsa ba ko kaɗan. Ko jikina ne yake da matsala? Wani lokaci har kuka nake yi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki share hawayenki. Wadda ta yi wata uku tana tafiyar safe ba fashi ta riga ta yi abin da ya fi wuya, kuma ina ganin lissafi ne ya yaudare ki.

Agogon da ke hannunki ba ya auna kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki yake samu daga abinci yake kuma ƙonewa, domin ba shi da hanyar yin haka. Abu biyu yake iya ji: motsin hannu, da kuma bugun zuciya, wanda yake ganowa da koren hasken nan da ke bayansa, saboda jini yana shanye koren haske, kuma yawan jinin da ke bi ta wuyan hannu yana sauyawa da kowane bugu. Daga nan sai ya haɗa waɗannan da shekaru, jinsi, tsayi da nauyin da kika shigar, ya yi ƙiyasi. Irin wannan ƙiyasi tsoho ne, tun daga lissafin Harris da Benedict na 1919 zuwa na Mifflin da St Jeor na 1990. Da na biyun, mace mai irin shekarunki da nauyinki da tsayinki tana ƙone kusan kalori 1,500 a rana ko da kwance ta wuni, domin numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da ɗumin jiki su ne suke cin kaso mafi girma, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mutum yake ƙonewa.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai a jikin mutum 60. A wajen bugun zuciya, shida daga cikinsu ba su yi kuskuren da ya kai kashi 5 cikin ɗari ba. A wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowanne kusa da gaskiya ya kauce da kashi 27, wanda ya fi muni kuma da kashi 93. Sun kuma lura cewa kuskuren ya fi yawa a lokacin tafiya, da kuma a jikin masu ƙiba da masu duhun fata. Agogunan yanzu sun fi na wancan lokaci kyau, amma tushen aikinsu bai sauya ba.

Tafiyar awa ɗaya da ɗan sauri, ga mai kilo 80, ba ta cika wuce kalori 300 ba, kuma a cikin 300 ɗin akwai 60 zuwa 80 da za ki ƙone ko da zaune kike. Ribar tafiyar ba ta kai rabin 500 ɗin da kike cinyewa ba ke nan. Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda mutane ba sa son a taɓa: rubuta abinci ma ƙiyasi ne, kuma kuskurensa ƙasa yake yi. Wani bincike da aka buga a 1992 a kan mutanen da suka ce suna cin abinci kaɗan amma ba sa ramewa ya gano sun rage abin da suka ci da kashi 47 cikin ɗari a rubuce, sun kuma ƙara wa motsa jikinsu kashi 51. Ba ƙarya suka shirya ba. Ido ne ba ya iya auna abinci, kuma man da aka zuba a tukunya, wanda cokali babba ɗaya nasa ya kai kalori 120, ba kasafai ake tuna shi ba, haka ma ɗanɗanon gishiri da ragowar abincin yara. Agogo yana ƙara miki, rubutu yana rage miki, sai gibin da kike zaton kin samar tsakanin abin da kike ci da abin da kike ƙonewa ya rufe ba ki sani ba.

Ki shiga manhajar ki kashe wurin da yake ƙara kalorin motsa jiki a kan kasonki. Idan yunwa ta matsa miki a ranar da kika yi tafiya mai tsawo, ki ci abin da bai wuce rabin adadin da agogon ya nuna ba. Ki riƙa hawa ma'auni da safe kafin ki ci komai, ki ɗauki matsakaicin mako guda, domin gishiri da jinin al'ada suna iya riƙe ruwan da ya kai kilo ɗaya ko fiye a jiki. Idan bayan mako huɗu da wannan gyara babu wani sauyi, musamman idan akwai kasala mai yawa ko kina shan wani magani kullum, to likita ya duba ki.

Tambaya: Ni da abokina muna gudu tare, agogonsa yana ba shi kalori 700, nawa yana ba ni 450. Wane agogo zan saya wanda ya fi ƙona kalori?

Amsa: Malam, na karanta wasiƙarka sau biyu ko zan ga alamar wasa, ban gani ba. Ƙafafunka ne suke gudun, agogo ɗan kallo ne. Idan abokinka ya fi ka nauyi, dole ya fi ka ƙonewa a tafiya iri ɗaya. Idan nauyinku ɗaya ne, to ko dai kamfanonin biyu lissafinsu ya bambanta, ko nasa yana haɗa har da abin da jiki yake ƙonewa a zaune. Ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Na ga tallan wani agogo mai arha ƙwarai a intanet, an ce yana auna kalori, hawan jini da sukari ba tare da huda yatsa ba. Mahaifiyata tana da ciwon sukari kuma an ce ta rage ƙiba. In saya mata?

Amsa: Allah ya yi maka albarka da kula da mahaifiya, amma kada ka saya. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi cewa kada a yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, kuma ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Manyan kamfanonin da suke zuba dukiya a bincike ba su kai ga wannan ba, sai wani agogo marar suna, marar adireshi, wanda ba a san wanda ya ƙera shi ba? Mai ciwon sukari da ya dogara da lambar ƙarya yana iya ƙara magani ko ya rage, kuma kowanne daga ciki yana iya kai shi gadon asibiti.

Wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ku yi haƙuri in tsaya a kansa. Jabun agogo ya fi jabun takalmi haɗari, domin takalmi idan ya yage kowa ya gani, shi kuwa agogo zai ci gaba da haskawa yana nuna lambobi masu kyau har ranar da batirinsa zai mutu. Na taɓa karɓar irinsa a hannun wani da ya kawo mini in duba, na ɗora shi a kan tebur babu hannun kowa, ya nuna mini bugun zuciya da hawan jinin katako. Masu yin su sun san abin da mai saye yake nema: kwali mai ƙyalli, suna mai kama da na fitaccen kamfani da harafi ɗaya a sauye, da jerin abubuwa ashirin da aka ce yana aunawa. Tsawon jerin shi ne ya kamata ya tsorata mutum. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu sayen ba talauci ne yake tura su ba, domin sau da yawa za ka tarar mutum ya sayi uku a shekara guda, kowanne ya lalace, kuɗin da ya zubar ya isa ya sayi na gaske guda ɗaya har da canji. Arha ba ta ado, an faɗa tun da daɗewa. Kafin ka biya, ka nemi sunan kamfanin da lambar samfurin a shafinsu na ainihi, ka duba ko manhajar agogon tana cikin rumbun manhajoji na wayarka da sunan kamfanin, ka tambayi takardar garanti, sannan ka gwada shi: ƙirga bugun zuciyarka da yatsa na minti ɗaya ka kwatanta, ka yi taku ɗari ka ga abin da zai rubuta. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ga mahaifiyarka, kuɗin ya fi amfani a kan na'urar gwajin sukari ta huda yatsa da takardunta, kuma batun rage abinci ga mai shan maganin sukari sai da shawarar likitanta.

Tambaya: Kuɗina ba su da yawa. Agogo zan fara saya ko me? Kuma dole ne sai na yi taku 10,000 kullum?

Amsa: Ɗana, ka fara da ƙaramin sikelin auna abinci da ma'aunin nauyin jiki, domin su biyun aunawa suke yi da gaske, kuma wayar da ke aljihunka tana iya ƙirga taku kyauta. An taɓa bin mutum wajen 470 na tsawon shekara biyu a wani gwaji da Jami'ar Pittsburgh ta buga a 2016, waɗanda aka ba na'urar ɗaurawa suka rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba suka rage kilo 5.9. Agogo mai kyau yana da amfaninsa, musamman wajen kwatanta motsinka na wannan mako da na makon jiya, saboda kuskurensa a jikin mutum ɗaya ba ya cika sauyawa, amma yana iya jira. Shi kuwa taku 10,000 ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965. Ka duba adadin da kake yi yanzu, ka ƙara dubu ɗaya ko biyu a kai, idan ƙafa ta saba ka sake ƙarawa.